Bayani kan wayoyin sadarwar kwamfuta a wuraren kasuwanci

A duk lokacin da ma'aikacin banki ya shaida wa masu jira a layi cewa babu sabis, hankalin akasarin jama'a yakan tafi ne ga kamfanin sadarwa. Sai dai kuma sau da yawa matsalar ba ta wuce cikin ginin ba.

A bayan bango, da saman silin, da ƙarƙashin daɓe, akwai wayoyi masu yawa da ke haɗa kwamfutocin ma'aikata da na'urorin buga takardu, da wayoyin tarho na ofis, da kyamarorin tsaro. Idan ɗaya daga cikinsu ta sami rauni, aiki yakan yi nauyi ko kuma ya tsaya cik.

Bankuna da asibitoci da otal-otal da manyan kantuna duk sun dogara ne a kan waɗannan wayoyi. Haka ma cibiyoyin rubuta jarrabawar JAMB a Najeriya, wadda ta koma ta kwamfuta baki ɗaya a shekarar 2015, inda ake haɗa ɗaruruwan kwamfutoci a zaure guda.

Ana iya sauya kwamfuta bayan 'yan shekaru, amma wayar da aka binne a cikin gini takan zauna shekaru goma ko fiye, kuma sauya ta na nufin ɓalle silin, da fasa bango, da dakatar da ciniki. Wannan ne ya sa ake ba aikin shimfiɗa ta muhimmanci tun daga ranar farko.

Asalin tsarin

Tushen wayar da ake amfani da ita a ofisoshi ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarar 1881 ne Alexander Graham Bell, wanda ya yi suna wajen ƙirƙiro wayar tarho, ya yi rajistar dabarar murɗe wayoyi biyu wuri guda kamar tufka, domin rage hayaniyar da ke shiga cikin magana.

Shi kuwa tsarin da kwamfutoci ke bi wajen aika wa juna saƙo a cikin gini, wanda ake kira Ethernet, ya samo asali ne a shekarar 1973 a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya ta Amurka. Robert Metcalfe ne ya tsara shi, tare da abokin aikinsa David Boggs.

A farkon lamari saurin tsarin bai kai megabit 3 a daƙiƙa guda ba. A shekarar 1980 kamfanonin Xerox da Intel da DEC suka fitar da ƙa'idar haɗin gwiwa mai saurin megabit 10, sannan ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta amince da tata ƙa'idar a 1983.

A wancan zamani ana amfani ne da wata waya mai kauri irin ta eriyar talabijin, wadda ake jan ta daga wannan kusurwa ta gini zuwa waccan, kowace kwamfuta kuma a liƙa ta a jikinta. Illar wannan tsari ita ce, da zarar wayar ta tsinke a wuri ɗaya, to kowa ya rasa hanya.

A shekarar 1990 aka amince da tafiyar da Ethernet a kan murɗaɗɗiyar waya irin ta tarho, inda kowace kwamfuta ke da tata wayar zuwa wata na'ura ta tsakiya. Daga nan sauri ya yi ta ƙaruwa: megabit 100 a 1995, gigabit 1 a 1999, sai kuma gigabit 10 a 2006.

Domin a fahimci bambancin, fayil mai girman gigabait ɗaya yana ɗaukar kimanin minti 13 a kan layi mai megabit 10, daƙiƙa 80 a kan mai megabit 100, sannan daƙiƙa 8 kacal a kan mai gigabit ɗaya.

Ƙa'ida ɗaya ga kowa

Kafin shekarun 1990, kowane kamfanin ƙera kwamfuta yana da irin wayarsa da irin soket ɗinsa. Duk ma'aikatar da ta sauya kamfanin da take sayen na'urori daga wurinsa, dole ne ta tone tsofaffin wayoyi ta shimfiɗa sababbi.

Rarraba kamfanin tarho na AT&T da aka yi a Amurka a shekarar 1984 ya ƙara dagula al'amarin, domin alhakin kula da wayoyin cikin gini ya koma wuyan masu ginin.

Wannan ne ya sa ƙungiyoyin masana'antun sadarwa na Amurka suka fitar da ƙa'idar da ake kira TIA/EIA-568 a shekarar 1991. A 1995 kuma aka fitar da ta ƙasa da ƙasa, wato ISO/IEC 11801, yayin da nahiyar Turai ke da tata mai suna EN 50173.

An sha yi wa waɗannan ƙa'idoji kwaskwarima, amma manufarsu ba ta sauya ba. Ana so ne a shimfiɗa wa gini waya iri ɗaya bisa tsari ɗaya, ta yadda kowace na'ura daga kowane kamfani za ta yi aiki a kanta, ko kwamfuta ce, ko tarho, ko kyamara.

Sassan tsarin

Ƙa'idar ta kasa wayoyin gini zuwa sassa shida.

Na farko shi ne mashiga, wato wurin da layin kamfanin sadarwa ya shigo cikin gini. A nan ne alhakin kamfanin yake ƙarewa, na mai gini kuma ya fara.

Na biyu shi ne babban ɗakin na'urori, inda ake ajiye manyan kwamfutocin da ke adana bayanai da sauran muhimman kayan aiki.

Na uku su ne wayoyin da ake kira ƙashin baya, waɗanda ke haɗa babban ɗakin da kowane bene, ko kuma su haɗa gini da gini a harabar ma'aikata ɗaya.

Na huɗu shi ne ƙaramin ɗakin sadarwa ko kabad na ƙarfe da ke kowane bene. A cikinsa ne ake samun allon mahaɗa, inda dukkan wayoyin benen ke ƙarewa, da kuma na'urar rarraba saƙo wadda ke aika kowane bayani zuwa ga mai shi.

Na biyar su ne wayoyin da ke tashi daga wannan ɗaki zuwa soket ɗin bango a kowane ofis. Su ne suka fi yawa, kuma a kansu ne akasarin kuɗin aikin ke tafiya.

Na shida shi ne wurin zaman ma'aikaci, daga soket zuwa kwamfutarsa. Ƙa'idar ta tanadi a ƙalla soket biyu a kowane wurin zama.

Amfanin allon mahaɗa shi ne, wayar da ke cikin bango ba a taɓa ta. Idan ma'aikaci ya sauya ofis, gajeriyar igiya kawai ake cirewa daga wannan rami a maƙala a wancan.

Abin da ke cikin wayar

Idan aka yanka wayar, za a tarar da ƙananan wayoyi takwas na jan ƙarfe, kowace kaurinta bai wuce kimanin rabin milimita ba. An murɗe su bibbiyu, wato tagwaye huɗu, masu launin shuɗi, da ruwan lemo, da kore, da ruwan ƙasa.

Murɗewar ita ce sirrin wayar. Ana aika saƙo ɗaya ta wayoyi biyu, ɗaya tana kishiyantar ɗaya, na'urar da ke karɓa kuma tana auna bambancin da ke tsakaninsu. Duk wata hayaniyar lantarki da ta zo daga waje takan taɓa su biyun daidai wa daida, don haka sai ta soke kanta.

Kowace tagwaye tana da nata yawan murɗi daban da na sauran, domin kada saƙon wannan ya tsallaka cikin na waccan.

A ƙarshen wayar ana sa kai mai haƙora takwas da aka fi sani da RJ45. Akwai hanyoyi biyu na jera launuka a cikinsa, T568A da T568B. Dukkansu suna aiki daidai, abin da ake buƙata shi ne a zaɓi ɗaya a bi ta a ko'ina cikin gini.

Layi mai saurin megabit 100 yana amfani ne da tagwaye biyu kawai, amma na gigabit yana buƙatar dukkan huɗun. Shi ya sa wani lokaci idan waya ɗaya daga cikin takwas ɗin ta tsinke, kwamfuta ba ta yankewa, sai dai saurinta ya faɗi sau goma ba tare da kowa ya san dalili ba.

Akwai kuma wayar da aka naɗe da siririn ƙarfe domin ƙarin kariya, wadda ake amfani da ita a masana'antu da wuraren da ke da manyan injuna. Irin wannan tana buƙatar a haɗa kariyar da wayar ƙasa yadda ya kamata, in ba haka ba amfaninta ya ragu.

Darajojin waya

Ana rarraba wayoyin ne daraja-daraja, kuma ana buga darajar a jikin robar da ta lulluɓe su.

Cat3 ita ce ta zamanin megabit 10, kuma an daina shimfiɗa ta domin kwamfuta. Ita ma Cat5 ta ba da wuri ga Cat5e, wadda ke iya ɗaukar gigabit ɗaya har tsawon mita 100.

Cat6, wadda aka amince da ita a shekarar 2002, tana ɗaukar gigabit ɗaya cikin sauƙi, tana kuma iya ɗaukar gigabit 10 amma a tazarar da ba ta wuce mita 37 zuwa 55 ba.

Cat6A ta biyo baya a 2008, kuma ita ce ke kai gigabit 10 har mita 100. Ta fi kauri da tsada, tana kuma buƙatar bututu mai faɗi.

Cat7 tana cikin ƙa'idar ƙasa da ƙasa, amma ƙungiyar TIA ta Amurka ba ta sa ta cikin tata ba. Ita kuwa Cat8 ta shekarar 2016, an yi ta ne domin manyan cibiyoyin adana bayanai, inda take ɗaukar gigabit 25 ko 40 a tazarar mita 30.

A shekarar 2016 an fitar da wata ƙa'ida da ta ba da damar samun gigabit 2.5 a kan Cat5e da gigabit 5 a kan Cat6, abin da ya tsawaita rayuwar wayoyin da ke cikin gine-gine da dama.

Darajar layi tana bin mafi rauni ne daga cikin kayan da aka haɗa shi da su. Idan aka sayi waya Cat6 aka ɗaura mata soket na Cat5e, to layin bai wuce Cat5e ba.

Iyakar mita 100

Saƙon lantarki yana raguwa yayin da yake tafiya a cikin jan ƙarfe. Saboda haka aka ƙayyade cewa kada layi ya wuce mita 100 daga na'urar rarraba saƙo zuwa kwamfuta.

Daga cikin wannan, mita 90 na wayar da ke cikin bango ne, sauran mita 10 kuma na gajerun igiyoyin da ke ɓangarorin biyu.

Ba nisan da ido ke gani ake aunawa ba, tsawon wayar ake aunawa, har da hawa bango da kewaya kusurwa. Wannan ne ke ƙayyade wurin da za a sa ɗakin sadarwa, kuma shi ya sa gini mai faɗi yakan buƙaci fiye da ɗaya a bene guda.

Wayar da ta wuce iyaka takan yi aiki a wasu lokuta, amma da yawan yankewa, kuma irin wannan matsala ta fi wuyar ganowa a kan wadda ta mutu gaba ɗaya.

Zaren gilashi

Inda jan ƙarfe ya gaza, nan zaren gilashi ke karɓa. Wannan waya tana ɗaukar saƙo ne da haske maimakon lantarki.

A shekarar 1966 ne Charles Kao da George Hockham, waɗanda ke aiki a wata cibiyar bincike a garin Harlow na Ingila, suka nuna cewa tataccen gilashi zai iya ɗaukar saƙo zuwa wuri mai nisa. Kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irin wannan zare a 1970, kuma Kao ya sami lambar yabo ta Nobel a 2009 saboda wannan aiki.

Kaurin zaren ya yi kusa da na gashin kan mutum. Iri biyu ne. Akwai mai faffaɗar zuciya, wanda ake amfani da shi a cikin gini, yana kai gigabit 10 zuwa mita 300 ko 400 gwargwadon darajarsa. Akwai kuma mai siririyar zuciya, wanda ke kai saƙo kilomita 10 ko ma 40 ba tare da an ƙara masa ƙarfi ba.

Hayaniyar lantarki ba ta shafar zaren gilashi, kuma ba ya ɗaukar wutar tsawa. Don haka shi aka fi so a yi amfani da shi tsakanin bene da bene, da kuma tsakanin gini da gini.

Sai dai haɗa shi na buƙatar na'ura ta musamman da ƙwararren hannu, kuma ɗan ƙurar da ido ba ya gani a bakin zaren ya isa ya rage ƙarfin saƙo. Haka kuma bai kamata a leƙa bakin zaren da ido ba, domin hasken da ke fita ba a ganinsa amma yana iya yin lahani.

Wutar lantarki ta wayar sadarwa

Tun daga shekarar 2003 aka amince da tsarin da ke ba waya ɗaya damar ɗaukar saƙo da wutar lantarki a lokaci guda, wanda ake kira PoE.

Ƙa'idar farko ta ba da wat 15.4. Ta shekarar 2009 ta ɗaga shi zuwa wat 30, sannan ta 2018 ta kai shi wat 90.

Da wannan ne ake kunna kyamarorin tsaro, da tarhon ofis, da na'urorin buɗe ƙofa, ba tare da an ja musu wata wayar wuta daban ba.

A ƙasashen da ake fama da ɗaukewar wuta, tsarin yana da wani amfanin na daban. Batir ɗaya ko inbata ɗaya a ɗakin sadarwa na iya riƙe dukkan kyamarori da tarho har zuwa lokacin da janareta zai tashi.

Amma wutar tana sa waya ta ɗauki zafi, musamman idan an ɗaure wayoyi masu yawa a dami ɗaya. Shi ya sa ake son waya mai kaurin jan ƙarfe, da kuma ƙananan dammuna.

Shin Wi-Fi bai isa ba?

Yaɗuwar Wi-Fi, wanda ƙa'idarsa ta farko ta fito a shekarar 1997, ta sa wasu na ganin zamanin waya ya wuce. Amma kusan kowace na'urar Wi-Fi da ke manne a silin na ofis, waya ce ke kai mata saƙo da wuta.

Bayan haka, duk masu amfani da na'urar Wi-Fi ɗaya suna raba ƙarfinta ne a tsakaninsu, kuma katangar siminti da ƙarfe suna rage nisan da take kaiwa. Wanda ke kan waya kuwa, layinsa nasa ne shi kaɗai zuwa na'urar rarraba saƙo.

Abin da akasarin ma'aikatu ke yi shi ne haɗa biyun: waya ga duk na'urar da ba ta motsi, Wi-Fi kuma ga wayoyin salula da kwamfutocin tafi-da-gidanka.

Kurakuran da ake yi wajen aiki

Waya mai kyau tana iya lalacewa a hannun wanda bai san aikinta ba, domin ba kamar wayar wuta take ba.

Bai kamata a warware murɗin ya wuce milimita 13 a wurin haɗa ta da soket ba. Bai kamata a lanƙwasa ta sosai a kusurwa ba, kuma ƙarfin da za a ja ta da shi kada ya wuce na nauyin kimanin kilo 11.

Matse ta da igiyar roba, ko danne ta da ƙusa, yana sauya siffar tagwayen da ke ciki. Haka nan ba a yi mata ƙari a tsakiya kamar yadda ake yi wa wayar fitila. Daga allon mahaɗa zuwa soket ya kamata ta zama guda ɗaya.

Ana kuma raba hanyarta da ta wayar wuta. Idan ya zama dole su haɗu, sai ɗaya ta gitta ɗaya, kada su yi doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ana nesanta ta da manyan injuna da taransfoma.

Lokacin da ya fi dacewa a tsara wannan aiki shi ne tun gini na kan takarda, domin a bar bututu da wurin ɗakin sadarwa kafin a yi shafe.

Jabun waya

Tsadar jan ƙarfe ta sa kasuwanni a sassa da dama na duniya sun cika da wayar da cikinta alminiyam ne, aka shafa mata jan ƙarfe a baya. Ana kiran ta CCA, kuma sau da yawa ana buga mata Cat5e ko Cat6 a jikin kwali.

Ƙa'idojin da aka ambata ba su amince da ita ba. Alminiyam yana ɗaukar kimanin kashi 61 cikin ɗari ne kawai na lantarkin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka. Saboda haka saƙo ya fi saurin raguwa a cikinta, ta fi ɗaukar zafi idan aka bi da wuta ta ciki, kuma ta fi saurin karyewa a wurin haɗi.

Gane ta ba shi da wuya. Idan aka kankare bayan wayar da wuƙa, farin ƙarfe zai bayyana. Haka kuma kwalinta, wanda bisa al'ada ke ɗauke da mita 305, ya fi na gaskiya rashin nauyi.

A Najeriya, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON ce ke da alhakin sa ido kan irin waɗannan kaya da ake shigowa da su. Amma matakin farko yana hannun mai saye ne, domin kamar yadda Hausawa ke cewa, araha ba ta ado.

Haɗarin gobara

Robar da ke lulluɓe da waya tana cin wuta, kuma hanyoyin da wayoyi ke bi daga bene zuwa bene na iya zama hanyar da wuta da hayaƙi za su bi.

A ranar 27 ga watan Fabrairun 1975, gobara ta tashi a wani ginin kamfanin tarho a birnin New York, ta bi ta cikin wayoyi masu rigar roba ta PVC. Layukan tarho fiye da 170,000 ne suka mutu, kuma sai bayan kwanaki 23 aka maido da su.

Robar PVC idan tana ƙonewa tana fitar da baƙin hayaƙi da iska mai guba da ke ƙona huhu. Wannan ya sa aka samar da waya mai ƙarancin hayaƙi, wadda ake buga wa LSZH a jiki, domin wuraren da jama'a ke taruwa.

Dokar aikin lantarki ta Amurka ta shekarar 2002 ta buƙaci a riƙa cire tsofaffin wayoyin da aka daina amfani da su, maimakon barinsu jibge a cikin silin. Tarayyar Turai kuma ta wajabta bayyana darajar jure wuta ta kowace wayar gini daga watan Yulin 2017.

Bayan an bi da waya ta cikin bango ko daɓen bene, ana toshe ramin da abin da ba ya cin wuta.

Zafi da ƙura da tsawa

An auna iyakar mita 90 ne a yanayi mai maki 20 a ma'aunin Selshiyos. Idan zafi ya ƙaru, tazarar da waya za ta iya kai saƙo takan ragu, zuwa kimanin mita 84 a maki 40, da mita 75 a maki 60.

Wannan ya shafi garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Njamena, inda zafin bazara ke wuce maki 40 a inuwa, na ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka.

Ƙurar hunturu tana shiga soket da bakin zaren gilashi, tana kuma toshe fankokin na'urori, don haka ana son ɗakin sadarwa ya kasance a rufe da sanyi, kada kuma a mayar da shi sito.

Da damina kuma haɗarin tsawa ne. Wayar jan ƙarfe da aka rataya daga gini zuwa gini tana iya kwaso wutar aradu ta ƙona na'urorin ɓangarorin biyu. Wayar cikin gida ma ba ta jure rana da ruwa. Akwai wadda aka yi musamman domin waje.

Ɓeraye su ma suna gaigayar waya, abin da ya sa bututu ko magudanar da ke da murfi ta fi barin waya a fili.

Gwaji da laƙabi

Kunnuwar fitila a jikin na'ura ba shi ne shaidar cewa aiki ya yi kyau ba.

Ƙaramar na'urar gwaji tana nuna ne kawai ko wayoyi takwas ɗin sun isa inda ya kamata. Babbar na'urar tantancewa, irin wadda kamfanin Fluke Networks ke ƙerawa, ita ce ke auna tsawon layi, da yawan saƙon da ya zube a hanya, da wanda ya tsallaka daga tagwaye zuwa tagwaye, sannan ta bayyana ko layin ya ci ko ya faɗi.

Manyan kamfanonin ƙera waya sukan ba da garanti na shekaru 20 zuwa 25, bisa sharaɗin cewa ɗan kwangilar da suka amince da shi ne ya yi aikin, kuma an gabatar da sakamakon gwajin kowane layi.

Kafin mai gini ya biya kuɗin ƙarshe, abubuwa uku ne ya kamata ya karɓa: sakamakon gwaji, da zanen da ke nuna hanyar da kowace waya ta bi, da jerin lambobin da aka liƙa a soket da allon mahaɗa. Idan babu laƙabi, gyaran minti biyar na iya cinye yini guda.

Daga gini zuwa teku

Wayar cikin gini mataki ne na farko kawai a doguwar hanya. Daga mashiga, saƙo yana bin zaren gilashin kamfanonin sadarwa da aka binne a gefen tituna, har ya kai ga manyan wayoyin ƙarƙashin teku.

Layin SAT-3 ya fara aiki a shekarar 2002. MainOne da Glo-1 sun biyo baya a 2010, WACS da ACE a 2012, sannan layin Equiano na kamfanin Google ya iso Legas a 2022. Ƙasashen da ba su da teku, irin su Nijar da Chadi, suna samun nasu haɗin ne ta cikin ƙasashen maƙwabta.

A ranar 14 ga watan Maris na 2024, huɗu daga cikin waɗannan layuka suka lalace a tekun da ke kusa da Kodebuwa, lamarin da ya kawo cikas ga intanet da harkokin bankuna a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma.

A kan tudu kuma, aikin gina hanyoyi da ɓarna da sata suna yawan katse zaren gilashi. A shekarar 2024 gwamnatin Najeriya ta sanya kayayyakin sadarwa cikin jerin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman.

Saboda irin wannan ne manyan ma'aikatu kan ɗauki layi biyu daga kamfanoni daban-daban, su kuma tabbatar cewa layukan ba ta bututu ɗaya suka shigo gini ba.

Mai kasuwanci ba shi da iko a kan abin da ke faruwa a teku ko a gefen titi. Ikonsa yana kan mita 100 na ƙarshe ne, wato irin wayar da ya saya, da wanda ya ba aikin shimfiɗa ta, da kuma takardar gwajin da ya karɓa kafin a rufe silin.